Mutanen Kwarin Ɗinya Suna Gaisuwa

Ofishin noman ranin da Surajo yake wa aiki ya daɗe da mutuwa, wanda zai yi masa sutura ne kawai ba a samu ba. 'Yan ɗakuna ne a jere a gefen hanyar da ta taso daga Tiga ta nufi Bebeji, ga tsofaffin injinan ban-ruwa tsatsa ta cinye a bayan gini. Ma'aikata su zo da hantsi, a gaisa, a sha iska a gindin darbejiya, kafin azahar kowa ya sulale gonarsa. Waɗanda suka kawo aikin sun naɗe tabarmarsu sun koma ƙasarsu, ba a kori kowa ba, ba a kuma ba kowa abin yi ba. Surajo kaɗai ne ba shi da damar sulalewa, domin shi aka damƙa wa makullin ɗakin kwamfuta, aka ja masa kunne kada ya kuskura ya bar ta ita kaɗai a lokacin aiki. A 1998 kwamfuta ba abin banza ba ce a wannan yanki, don haka ake tsaronta kamar amarya, alhali ba abin da ake bugawa a cikinta sai takardar neman hutu.

Zaman kashe wando ne ya haɗa shi da wasan. Wani injiniya ɗan birni ne ya bar shi a cikin na'urar kafin a yi masa canjin wurin aiki. Wasa ne na mulki, a kan taswirar duniya ta zamanin da, zamanin dawakai da ganuwa da ayarin fatake. Mutum ya ɗauki ƙasa guda ya zama shi ne wuƙa shi ne nama: a yi noma nan, a gina rumbu can, a tura manzo wurin maƙwabci, a yi yaƙi ko a yi sulhu. Da ya danna madanni sai shekara ta wuce. Wanda ya haɗiye duniya duka kafin shekarar ƙarshe, shi ya ci.

Kafin a fara sai na'urar ta tambayi mutum irin nauyin da yake so ya ɗauka. Hawa-hawa ne. A matakin ƙasa damina ba ta saɓa alkawari, maƙwabta kuwa tumaki ne, ka ƙwace musu gona su aiko maka da godiya. Matakin ƙoli mugunta ce zalla: fari, fara, annoba, maƙwabta masu riƙo, sannan duk abin da ka yi ya zauna, babu komawa jiya a gyara. Kuma in ka zaɓa ka zaɓa ke nan. Ba a sauya nauyi a tsakiyar tafiya, sai dai a rushe komai a sake sabon lale.

Surajo mutum ne mai ji da kansa, irin waɗanda suka yi karatu a Kano suka dawo ƙauye suna ganin duniya ta cuce su. Ya ce shi ba yaro ba ne, ya danna na ƙoli. Bai tsaya nan ba, ya tsallake manyan dauloli ya lalubo wata 'yar ƙasa mai gari ɗaya tal a bakin kogi, a matse tsakanin maƙwabta biyu masu ƙarfi. Da na'ura ta ce ya raɗa wa garin suna, yatsunsa suka rubuta Kwarin Ɗinya tun kafin ya yi tunani. To, kowa ya ɗebo da zafi bakinsa.

Kwarin Ɗinya ta gaskiya tana can ƙarƙashin ruwan dam. A can aka haifi Surajo, amma bai riƙe komai nata ba sai baƙin ɗinya a harshe da ƙugin motar da ta kwashe su. Aka sauke su a kan wani tudu mai tsakuwa, aka yanka musu filaye layi-layi, aka ce nan ne Sabon Kwari. Wasu suka koyi kamun kifi, suna jefa koma a saman gonakin iyayensu, wasu suka kama noman rani.

Mahaifinsa, Malam Mudi, shi ne mai unguwa a wancan lokaci. Sa'ad da kowa ke rantsuwa ba inda za shi, shi ya taka ya je ya ga yadda ginin dam ke tashi, ya dawo ya ce ruwan nan ba ya jin rantsuwa, ya fara ɗaure kayansa. Da aka ga mai unguwa ya hau mota sai kowa ya bi. Ba wanda ya taɓa ce masa ci kanka. Sai dai ɗan'adam ba ya iya gaba da ruwa, ba ya iya gaba da hukuma, na kusa da shi yake nema. Sannu a hankali ƙafa ta ɗauke daga zauren Malam Mudi. A gaisa a masallaci, a gaisa a jana'iza, iyakarta ke nan. Da ɓarin jikinsa ya shanye aka zo dubiya ɗai-ɗai don sauke nauyi, aka sake ɗaukewa. Yayyen Surajo sun watse, wannan yana Kano, wancan ya bi noma Burumburum, shi aka bar wa tsohon. Kullum da safe ya fito da shi zaure ya jingina shi da matashi, in ya dawo da la'asar ya same shi yadda ya bar shi, ido a kan ƙofa. Wannan kallon ƙofar ya fi komai ci wa Surajo rai, har gudun haɗa ido da shi yake yi.

Baki shi ke yanka wuya. Wata la'asar yana matsa wa tsohon ƙafa, shirun ya yi yawa, don dai ya sami abin cewa sai ya ce, "Baba, yau na haƙa wa Kwarin Ɗinya rijiya."

Malam Mudi ya juyo da kyar. "Wace Kwarin Ɗinyar?"

Surajo ya yi dariya ya shiga yi masa bayani, yana ta nanata cewa wasa ne, zane ne kawai a jikin gilashi.

"Na ji wasa ne, ai ba haukacewa na yi ba," in ji tsohon. "A ina ka haƙa ta?"

"Gabas da kasuwa."

"Gabas? Wa ya aike ka? Ai gabas ruwan zartsi ne, ko jaki ba ya sha. Ka cike ta ka koma yamma."

Sai ga shi yana dariya, da rabin bakin da ya rage masa. Surajo ya manta rabon da ya ji wannan sautin, har ya ji ƙwalla tana neman zubo masa.

Kashegari yana jingine babur, tun bai gama durƙusawa ba, tsohon ya tare shi da irin gaisuwar da ake yi wa wanda ya dawo daga tafiya. "Sannu da hanya. Yaya ka baro mutan gari?"

Surajo ya biye masa. "Lafiya lau, Baba. Suna gaisuwa."

"Muna amsawa. An yi shuka?"

Magana ba ta kwana a ciki a Sabon Kwari. Furera, matar Surajo, ta faɗa a gidan suna don a yi dariya, kafin mako ya zagayo labari ya gama layuka. Wanda ya fara zuwa kuwa shi ne wanda ba a zata ba: Baba Datti, tsohon masunci mai kaifin harshe, wanda in ya hango zauren Malam Mudi yakan sauya hanya. Ya tsaya a bakin ƙofa, wai shi wucewa yake yi.

"An ce ɗanka ya tono garinmu ya sa a akwati."

"Haka nake ji," in ji Malam Mudi.

"Marina fa? Ya sa marina?"

Surajo ya ce bai sa ba tukuna.

"To wane irin Kwarin Ɗinya ne babu marina?" Baba Datti ya cire takalmi ya shigo, don ya gyara wannan ɓarna. Bai fita ba sai da aka kira magariba.

Bayan shi sai Malam Isa mai tumatir, sai wasu, har sai da Furera ta aro tabarmi a maƙwabta. Da an idar da la'asar tsofaffin za su hallara su jira ƙarar babur. Surajo ya shigo, a tambaye shi mutan gari, ya ce suna gaisuwa, a amsa da baki ɗaya, kowa yana murmushi don kowa ya san wasa ne. Daga nan sai gardama. Ina za a sa maƙera, wa ke da gonar bakin kogi, ta wace ƙofa fatake ke shigowa. Sunayen mutanen da suka daɗe a ƙasa suka dawo baki. A yi ta musu a kan wata tsamiya har jijiyar wuya ta tashi, in abin ya ƙi ƙarewa sai a juya a ce, "Mai unguwa, kai me ka gani?" Surajo bai taɓa jin an kira ubansa da wannan suna ba tun da ya yi wayo. Tsohon ya fara neman a sa masa babbar riga da rana tsaka, ya ce a wanke masa hularsa ta zanna. Tuwon da yake turewa da, yanzu har ƙari yake nema.

Ran nan Malam Isa ya tambayi yadda ake cin wasan. Surajo ya ce sai mutum ya mamaye duniya duka.

"Duniyar me?" in ji Baba Datti. "Mu ina ruwanmu da duniya? Wa ya ce maka mun taɓa son gonar wani?"

Surajo, da yake bakinsa ba ya gajiya da kai shi ƙara, ya ce ai ko ba a ci duniya ba akwai dabarar tsira. In maƙwabta suka matsa, na'urar tana ba da dama a kwashe mutane a mayar da su wani tudu mai duwatsu a arewa, inda mahara ba sa iya hawa.

Ba wanda ya dubi Malam Mudi, rashin duban nan kuwa ya fi duba nauyi. Tsohon ya daɗe yana kallon hannunsa da ya mutu a kan cinya, sannan ya ɗago.

"Surajo."

"Na'am, Baba."

"Ko ka ci ko kada ka ci, wannan ruwanka. Abu ɗaya na ce. Kada ka tashe su. Su kai shekarar ƙarshen nan a inda suke."

"In sha Allahu, Baba."

Baba Datti ya matso a kan tabarma, ya kama hannun Malam Mudi mai lafiya ya riƙe. A ranar Surajo ya kwana da farin ciki, don bai san abin da ya ɗauko wa kansa ba.

Matakin ƙoli bai san alkawari ba. Damina ta yi gardama shekara biyu a jere, rumbuna suka yi ƙasa. Maƙwabcin gabas ya aiko a ba shi dawakai, da aka ba shi ya aiko a ba shi hatsi. Maƙwabcin yamma ya ji haushin an ba na gabas. Abin mamaki, tsofaffin nan ba su taɓa jin daɗin hira kamar a wannan lokaci ba. Da Surajo ya ce an yi fari, sai kowa ya gyara zama. Wannan ya tuna shekarar da aka ci tafasa har aka gaji, wancan ya tuna yadda Malam Mudi ya buɗe rumbunsa. Shawara ta riƙa zubowa: a tura samari cin rani, a aura wa sarkin gabas 'yar wani don a zama dangi, a yi roƙon ruwa. Surajo ya ce to, to, to. Ina zai gaya musu na'urar ba ta da madannin cin rani, ba ta kuma san roƙon ruwa ba?

Wasa ya tashi daga wasa. Shi ne farkon zuwa ofis, shi ne ƙarshen fita. Abokan aiki su leƙo daga gindin darbejiya su ce, "Sarkin kwamfuta, a fito a sha iska mana," ko ɗagowa ba ya yi. Kafin ya danna madanni sau ɗaya sai ya yi ta lissafi har kansa ya yi ciwo, don ya san in ya danna babu gyara. Ɗumamen da Furera ke ƙunsa masa a kwano yakan dawo da shi yadda yake. Ya rame. Ya tsani ɗakin nan mai taga ɗaya, ya tsani ƙugin na'urar, ya tsani injiniyan da ya bar wasan, ya fi tsanar yatsansa da ya danna na ƙoli don burga, alhali ba mai kallonsa a ranar.

Ya gwada tsayawa. Ya ce babu wuta a ofis, janareta kuma ya lalace. Kwana na farko tsofaffin suka yi hira da tsohon labari. Da aka jera kwanaki babu sabo sai aka fara raguwa, wannan jikarsa ba lafiya, wancan zai duba koma. Surajo ya ga idon ubansa ya fara komawa ƙofa, ba shiri wuta ta dawo.

Ya gwada ƙirƙira daga kansa, ba tare da ya taɓa na'urar ba. Nan ma bai kai ko'ina ba. Yau ya ce an gama ganuwar kudu, jibi ya manta ya ce ana kan gini. Baba Datti ya kafe shi da ido ya ce, "Kai yaro, ganuwar nan sau nawa za a gama ta?" Aka yi dariya, shi kuwa gumi ya karyo masa. Ramin ƙarya ƙurarre ne, balle ga wanda bai san garin da yake ƙarya a kansa ba.

Ya koma ya ci gaba da dannawa, har ranar da yake gudu ta zo. Rundunar gabas ta sauka a bakin kogi, ta yi wa garin zobe. Dakarunsa ba su fi a ƙirga da yatsu ba, rumbu babu ko ƙwaya. Na'urar ta fito masa da zaɓi biyu a jikin gilashi: ya kwashe mutanen zuwa tudu, ko ya tsaya. Ya san abin da tsayawa take nufi, 'yan shekaru kaɗan garin ya faɗi, wasa ya ƙare. In ya kwashe su, ya karya maganar da ya yi wa ubansa a gaban jama'a. In ya tsaya, sai ya koma gida ya ce wa tsofaffin nan Kwarin Ɗinya ta sake mutuwa, kowa ya sa takalminsa, zaure ya koma yadda yake. Gaba kura, baya sayaki. Ya zauna yana kallon zaɓin nan tun hantsi har inuwar darbejiya ta juya.

Sai wata dabara ta faɗo masa, irin dabarar da ke zuwa wa wanda ya gaji. Tunda bai iya ƙarya daga kansa ba, ai sai ya sami inda zai riƙa ɗebo labari. Ya sake sabon wasa a matakin ƙasa, ya sa wa garin suna iri ɗaya. Wa zai sani? Cikin tsofaffin nan babu wanda ya taɓa ganin kwamfuta.

Na'urar ba ta riƙe wasa biyu. Ta tambaye shi ko ya yarda a share na da. Bai koma ya dubi garin ba, don ya san in ya duba ba zai iya ba. Ya danna. Ko ƙiftawar ido ba a yi ba, rijiyar yamma da marina da ganuwar kudu da duk abin da aka yi watanni ana gardama a kansa suka tafi. Sabuwar taswira ta buɗe, da wani kogi daban mai faɗi, da ƙasa kore shar. Ya ji kamar an sauke masa dutse daga ka, kuma a lokaci guda ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba.

Da la'asar ya shiga zaure ya ce rundunar gabas ta janye. Aka yi kabbara. Malam Isa har da tashi tsaye. Baba Datti ya ce ai ya faɗa, Kwarin Ɗinya ba ta faɗuwa a hannun mutum. Malam Mudi ya yi murmushi yana kallon ɗansa, Surajo kuwa ya duƙufa a kan gyaran tabarma.

Daga ranar labari ya zama zuma. Damina ta yi kyau, ta sake yin kyau, ta kuma sake. Rumbuna suka cika har aka rasa inda za a zuba. Sarkin gabas ya aiko da kyautar dawakai, na yamma ya roƙi a yi zumunci. Surajo ya daina lissafi, ya danna kawai, komai ya yi daidai. Ya fara fita gindin darbejiya, ya fara cinye ɗumamensa, kumatunsa suka dawo.

Sai dai gari in ba shi da matsala, me za a tattauna a kansa? A tambayi mutan gari, a ce suna gaisuwa, a ce an yi girbi mai albarka, a ce madalla, sai shiru. Ba mai neman shawara, ba abin da za a kai wa mai unguwa ya raba. Malam Isa ya ce tumatirinsa na son ban-ruwan yamma. Wasu biyu suka koma majalisarsu ta bakin masallaci. Baba Datti yana zuwa, amma gyangyaɗi yake yi, ran nan ma da zai tafi ya ce, "Garin nan ya yi arziki, ya fi ƙarfinmu. Ba ya bukatar tsofaffi." Furera ta mayar wa maƙwabta tabarminsu ɗaya bayan ɗaya. Surajo yana gani, ba abin da zai iya. An gudu ba a tsira ba.

Wata safiya ya gama yi wa tsohon wanka, ya kawo shi zaure, yana zura masa hannun riga a ɓarin da ya mutu, sai Malam Mudi ya ce, "Tura ƙofar nan."

Ya tura, ya dawo ya durƙusa.

"Yaushe ka tashe su?"

Surajo ya buɗe baki zai ce wani abu, tsohon ya girgiza kai. "Kada ka wahalar da kanka. Lokacin da kake kawo mana fari da yunwa, ido cikin ido kake ba ni labari. Tun ranar da ka ce runduna ta janye, tabarma kake wa magana. Ni na haife ka."

"Ban tashe su ba, Baba," in ji Surajo. "Gara ma a ce tashinsu na yi. Share su na yi gaba ɗaya. Wannan na yanzu wani gari ne daban, sunan ne kawai."

Ya faɗa masa komai, matakin ƙoli da na ƙasa, da zoben da aka yi wa garin, da zaɓi biyun. Tsohon yana saurare, bai katse shi ba.

"Da ka bar su a inda suke, za su kai?"

"Ba za su kai ba."

"Ko da dabara?"

"Babu dabarar da ban yi ba, Baba. Wallahi babu."

Malam Mudi ya gyaɗa kai a hankali. "Haka ne. Wani lokaci ba a kaiwa." Babu faɗa a muryarsa, wannan kuwa ya fi yi wa Surajo ciwo a kan a ce ya zage shi.

"Yau in sun zo zan gaya musu gaskiya," in ji Surajo. "Laifina ne, ni zan ɗauka. Na gaji, Baba. Wallahi na gaji da wasan nan."

Hannun nan mai lafiya ya cafko wuyan hannunsa. Bai san tsohon yana da sauran ƙarfi haka ba.

"Kada ka soma."

"Baba..."

"Na ce kada ka soma. In ka faɗa, kai za su yi wa dariya kwana biyu su manta. Ni ne ba za su sake takowa wurina ba." Idonsa ya ciko. "Datti ya riƙe hannuna, Surajo. Tare muka yi kiwon awaki da shi. Ban ƙi in mutu gobe ba, amma ba na so in mutu zauren nan babu kowa."

Surajo ya sunkuyar da kai. Ya zo da niyyar ya sauke kaya, sai ga shi ana ƙara ɗaure masa su, kuma ba shi da bakin cewa a'a.

"To me zan ce musu? Garin nan na yanzu ko ciwon kai ba a yi a cikinsa. Ni kuma kun ga ban iya ƙirƙira ba."

"Ba ka iya ba don ba ka gani ba. Ni na gani." Tsohon ya saki hannunsa, ya gyara zama da kyar. "Kullum da safe kafin ka fita zan gaya maka abin da ya sami garin. Ka tafi da shi ofis, ka zauna gaban akwatinka, da la'asar ka dawo mana da shi. Yau fara ce. Ka ce daga arewa ta taso, da hantsi, gero ya fara fitar da kai. Ka ce rana ta dushe kamar hadari, mata suka fito da kwanuka suna kaɗawa, ba ta ko kula ba. A gonar bakin kogi ta fara sauka. Ka riƙe?"

"Na riƙe."

"Maimaita."

Surajo ya maimaita, kamar mai biya karatu, hawaye na sauka a kan gwiwarsa. Tsohon ya gyara masa wuri ɗaya, ya ce ba kwanuka kaɗai ba, har da turame.

"Datti zai tambaye ka ko mutane sun fara guduwa," in ji shi. "Dole ya tambaya, na san shi. Ka dube shi cikin ido. Ka ce an zo an ce su tashi. Ka ce mai unguwa ya ce ba inda za shi."